Tsoron duhu a rayuwar mai bi, da yadda ake gane jagorar Allah in hanya ta rufe

Malama Hannatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wata magana da mutane ke jin nauyin faɗa a fili. Yaro in ya ce yana tsoron duhu, kowa ya gane. Amma babba mai iyali, wanda ya yi baftisma tun shekaru aru-aru, in ya ce ba ya iya kashe fitila ya kwanta, sai a fara yi masa kallon mai raunin bangaskiya. Tambayata kashi biyu ce. Me za a yi wa mai wannan tsoro, yaro ko babba? Sannan akwai wani duhun da ba na ido ba, inda mutum ke ta addu'a amma bai san inda zai sa ƙafa ba, a kan aure ko aiki ko ƙaura. Yaya zai bambanta muryar Allah da muryar tsoronsa? Don Allah a ba mu abin da za a iya yi, kada a tsaya a “ka yi addu'a” kawai.

Fasto Iliya:
Salama, Malama. Kafin a kawo magani sai a san cutar. Kalmar duhu a Littafi Mai Tsarki tana ɗauke da abubuwa uku, kuma yawancin ruɗanin daga cakuɗa su yake zuwa.

Akwai duhun dare, wanda halitta ce. A Farawa 1:5 Allah da kansa ya raɗa wa duhu suna, ya kira shi dare, Zabura 104:20 kuma ta ce shi ke kawo duhu dare ya yi, namomin jeji su fito. Wanda ya raɗa wa abu suna, abin yana ƙarƙashin hannunsa. Akwai duhun zunubi, na Yohanna 3:19-20, inda mutum ke gudun haske don kada a tona ayyukansa. Maganin wannan tuba ce. Sai na uku, duhun rashin ganin hanya. Ku buɗe Ishaya 50:10 ku karanta a hankali. Mutumin da ake magana a kansa yana tsoron Ubangiji, yana biyayya, duk da haka yana tafiya cikin duhu babu haske. Annabin bai zarge shi da komai ba, cewa ya yi ya dogara ga sunan Ubangiji, ya jingina ga Allahnsa.

Ɓarnar da ake yi ita ce ɗauko maganin na biyu a ɗura wa mai na farko ko na uku. Mutum na fama da rashin barci, sai a ce masa ya binciki kansa, akwai zunubin da bai furta ba. Ya zo da kaya ɗaya, ya koma da biyu.

Nas Rifkatu:
Baba Fasto, bari in ɗauki na farkon, don jiki yana da nasa bayanin.

Ido ba ya sabawa da duhu nan take. A 'yan mintunan farko kusan makaho ne mutum, sai a hankali gani ya dawo, kuma cikakken sabo yana cin minti 20 zuwa 30. Mai tsoro ba ya taɓa kaiwa wannan lokacin. Yana kashe fitila, zuciya ta buga, kafin minti 2 ya kunna waya, hasken ya mayar da idon farko, sai a sake lale. Shi ya sa a wurinsa duhu kullum baƙi ƙirin ne, bai taɓa ganin yadda ɗaki ke fitowa a hankali ba.

Abu na biyu, a cikin duhu gefen ido ya fi tsakiyarsa gani. Kana hango wani abu a gefe, ka juya ka kafa masa ido, sai ya ɓace. Ka kawar da kai, ya dawo. Mutane da yawa wannan suke ɗauka wani abu ne ke yi musu ɓuya, alhali ƙirar idon ce haka. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta son gurbi. In ta sami rabin siffa sai ta cike sauran da abin da ta fi tsoro, rigar da aka rataye a ƙofa ta zama mutum a tsaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura.

Wani abin da ake mantawa: wanda ke tuntuɓe da zarar magariba ta yi, ko ba ya gane fuska a haske kaɗan, a duba masa ido. Dundumi ciwo ne, ƙarancin bitamin A na kawo shi, yanar ido ma tana rage gani da dare. Irin wannan mutumin tsoronsa yana da dalili. Haka tsoho da ke rikicewa da yamma, yana neman fita, yana ganin mutanen da babu su, sau da yawa ciwon mantuwa ne, ɗaki mai haske da fuskar da ya sani sun fi tsawa amfani.

Mama Saratu:
Game da yara kuwa, tsoron duhu yakan fara wajen shekara 2 zuwa 3, lokacin da tunaninsu ya fara ƙirƙirar hotuna amma ba su iya raba na gaske da na zuci ba. Yawanci yana raguwa da kansa in manya ba su ƙara masa itace ba. Mu ne ke ƙarawa. Da rana a ce wa yaro dodo zai kama shi in bai yi shiru ba, da dare kuma a ce masa babu komai a ɗakin. Wanne zai gaskata?

Ga yadda ake bi. Da rana tsaka a shiga ɗakin tare da shi, a bar shi ya taɓa duk abin da ke ba shi tsoro da dare, ya faɗi sunansa da bakinsa: wannan labule ne, wannan jaka ce. Da dare a sa ƙaramar fitila mara ƙarfi, a ajiye ta ƙasa kusa da bango. In aka ɗora ta a bayan kaya, inuwa za ta hau bango ta yi tsawo, gara ma duhun. Kada a bar kyandir ko wata wuta mai harshe a ɗakin yaro, gobara ta fi dodo gaskiya. Kwana 3 na farko uwa ko uba ya zauna bakin gado har yaron ya yi barci. Kwana 3 na gaba a matsa da kujera tsakiyar ɗaki, sai bakin ƙofa, sai waje da ƙofa a buɗe. In ya yi kuka a wani mataki, a koma na baya kwana 2, sannan a sake gwadawa. Inda abin ke lalacewa shi ne ranar da aka gaji aka ɗauke shi zuwa gadon manya, don ya koyi cewa kuka ke buɗe wannan ƙofar.

Alkawari kuma a cika. In kin ce “zan leƙo ka bayan minti 5”, ki leƙo ko da kin ji shiru. Yaro ba ya fara gane “Ubangiji mai tsaronka ba ya gyangyaɗi” daga Zabura 121, daga uwar da ta dawo a kan lokaci yake fara gane shi. Aya ɗaya gajeriya ta isa, a maimaita ta kowane dare har ta zauna. Zabura 4:8 ta dace, ta kwanciya da barci cikin salama. Kada a yi wa ɗan shekara 4 addu'ar korar aljanu da ƙarfi a bakin gado. Abin da zai ji shi ne, ashe dai suna nan.

Ɗan'uwa Ayuba:
Iyayena, da girmamawa, ina ganin muna mayar da yaƙin ruhaniya maganar asibiti. Afisawa 6:12 ta ambaci masu mulkin wannan duhu ƙarara. A Matiyu 13:25, mutane na barci maƙiyi ya zo ya shuka ciyawa. Ko a karin magana an ce dare rigar mugu. To mutumin da ya farka wani abu ya danne masa ƙirji, ba ya iya motsi, ba ya iya kiran sunan Yesu, shi ma rigar da aka rataye ce? Ni dai a ganina a tashi ƙarfe 12 na dare a yi yaƙi, a bar Zabura 91 a buɗe a kan gado.

Nas Rifkatu:
Ɗan'uwa, abin da ka kwatanta dannau ne, kuma an san yadda yake faruwa. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kulle tsokar jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani a mafarki. Wani lokaci hankali ya farka kafin a buɗe kullen. Ido na gani, kunne na ji, jiki ya ƙi motsi, harshe ya ƙi, guntun mafarkin kuma yana nan, sai a ga siffa a ɗaki. Nauyin ƙirjin kuwa, numfashi yana tafiya da kansa, amma mutum ba ya iya jan dogon numfashi da gangan yadda yake so, sai ya ji kamar an hau shi. Daga daƙiƙu kaɗan ne zuwa minti 1 ko 2, kuma ba ya kisa.

Abin da ke jawo shi: ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa, da kwanciya rigingine. Abin yi a lokacin: kada a yi kokawa da dukan jiki, a mai da hankali ga motsa yatsa ɗaya ko lumshe ido da buɗewa, a bar numfashi ya tafi yadda yake. Addu'a a zuci tana yiwuwa sarai, Allah ba ya jiran leɓe ya motsa. Ka lura da wannan: in ka sa mai dannau ya riƙa tashi ƙarfe 12 kullum, ka rage masa barci, wato ka ƙara masa ainihin abin da ke kawo dannau ɗin. Sai ya ga harin ya ƙaru, ya ƙara tsawon tsaro, abin ya zama zobe.

Fasto Iliya:
Ayuba, ba wanda ya musanta Afisawa 6. Amma karanta har aya ta 18 ka ga makaman: gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah, addu'a a kowane lokaci. Babu agogo a ciki. Kolosiyawa 1:13 kuma ta ce an riga an tsamo mu daga mulkin duhu. Zabura 139:12 ta ce a wurin Allah dare da rana ɗaya ne. In haka ne, Shaiɗan ba shi da wata sa'a da aka mallaka masa.

Misalin ciyawar nan ba barcin ya zarga ba, maigidan bai yi wa bayinsa faɗa don sun kwanta ba. A Markus 4:27 ma manomi yana kwana yana tashi, iri na tsiro bai san ta yaya ba. Zabura 127:2 ta kira barci kyauta. Bulus da Sila sun yi addu'a da waƙa da tsakar dare a Filibi, gaskiya ne, amma an yi musu bulala, ƙafafunsu na cikin turu, wane barci za su yi? Wanda Ruhu ya tashe shi ya yi addu'a da dare, madalla. Wanda tsoro ya tashe shi, yana ganin in bai tashi ba za a cuce shi, ya mai da kansa mai gadin Allah.

Maganar barin Zabura 91 a buɗe kuwa, a yi hattara kada Littafi ya koma laya. Wa ya ɗauko wannan zaburar ya yi amfani da ita ta karkace? Shaiɗan ne, a Matiyu 4:6, ya jawo aya ta 11 da 12 yana cewa Yesu ya diro daga kan Haikali. Isra'ilawa ma a 1 Sama'ila 4 sun ɗauko akwatin alkawari zuwa fagen yaƙi kamar abin tsari, Filistiyawa suka ƙwace shi. Takarda a buɗe ba ta tsaron kowa. Ka karanta ta, ka gane ta, ka rufe littafin ka kwanta.

Dattijo Bitrus:
Masu bi na dā sun riga mu tunanin wannan, suka tsara addu'ar kwanciya. A ƙarni na 6 Benedik, wanda ya rubuta ƙa'idar zaman masu keɓe kai don ibada a Italiya, ya sa a riƙa karanta zabura 3 kowane dare ba canji: ta 4, ta 91, da ta 134. Hikimar rashin canjin ita ce mutum ya haddace su, har ya iya faɗarsu ba fitila. Daga baya aka saba haɗawa da waƙar Saminu ta Luka 2:29-32.

Babba mai tsoron duhu zai iya yin haka cikin minti 10. Ya fara da abin hankali: ya duba ƙofa da taga sau ɗaya, ya faɗa da baki “na kulle”, kada ya koma. Komawa sau 4 ko 5 tana ciyar da shakka ne. Nehemiya 4:9 ta haɗa biyun, suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro. Sai ya zauna ya waiwayi yinin, abu 2 na godiya, abu 1 na neman gafara, in akwai wanda ya ɓata wa rai ya ƙudura zai neme shi gobe. Damuwar gobe ya rubuta a takarda ya ajiye nesa da gado. Sai zaburar, da murya a hankali. Sai ya kashe fitila ya zauna a bakin gado, ido buɗe, yana jan numfashi ƙirga 4, yana saki ƙirga 6. Daren farko minti 2 ya isa, ya kunna in ya so. Kowane dare ya ƙara minti 2. Ƙa'idar ɗaya ce: kada ya kunna fitila a daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, ya jira ya ɗan sauka tukuna. In ya kunna a ƙololuwa, jikinsa zai rubuta cewa fitilar ce ta cece shi.

Malama Hannatu:
Na gode iyayena, kashi na farko ya samu. Saura na biyun, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Malam Yakubu:
Malama, mu fara da fitilar Zabura 119:105. Fitilar zamanin nan 'yar ƙaramar kasko ce ta yumɓu, tana zama a tafin hannu, a zuba man zaitun, a sa lagwani a bakinta. Harshen wutar bai wuce ɗan yatsa ba. Mai riƙe da ita yana ganin ƙafarsa, da dutsen da ke gabansa, da taki ɗaya ko biyu. Bayan wannan da'irar baƙi ne. In ya tsaya cak yana jiran ta haska masa ƙarshen hanya, zai kwana a wurin, mai ya ƙare. In ya taka, da'irar ta bi shi. Yawancin masu cewa Allah ya yi musu shiru, taswirar tafiyar gaba ɗaya suke nema, alhali takin da ke gabansu a bayyane yake: bashin da za a biya, gafarar da za a nema, takardar neman aikin da ba a cike ba, likitan da ake ta ɗaga zuwa wurinsa.

Dubi Bulus a Ayyukan Manzanni 16:6-10. Ya nufi Asiya, Ruhu ya hana. Ya juya Bitiniya, aka sake hanawa. Bai zauna ba, ya gangara Taruwasa, a can ne da dare ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Ƙofa 2 aka rufe masa kafin ta ukun, kuma yana cikin tafiya aka juya shi. Aya ta 10 kuma ta ce “muka” tabbata Allah ya kira mu. Mutum ɗaya ya ga wahayin, ƙungiya ta auna shi.

Abin da mutum ke ji a ransa, ga yadda zan ce a gwada shi. Da fari, ya saɓa wa abin da aka riga aka rubuta? In ya saɓa, magana ta ƙare, Allah ba ya ba wani izinin ƙarya ko barin matarsa ta wahayi. Sannan a aza shi a kan Yaƙub 3:17: hikimar sama tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, mai jin shawara, cike da jinƙai. Muryar tsoro tana da alamarta. Kullum sauri take, yanzu-yanzu ko ka halaka. Kullum ɓoyo take so, kada ka faɗa wa kowa. Kuma hukunci take yankewa a dunƙule, kai ba ka da amfani, ba ta nuna abu ɗaya da za a gyara. Ruhu Mai Tsarki in ya tsauta yakan sa yatsa a kan takamaiman abu, ya kuma bar ƙofar tuba a buɗe. Bayan haka a kai maganar ga masu bi 2 ko 3 da suka manyanta, waɗanda ba su da riba ko asara a cikin shawarar, kuma aƙalla ɗaya ya zama mai iya ce maka a'a. Karin Magana 15:22 ke nan. Matambayi ba ya ɓata, sai dai in ya zaɓi waɗanda zai tambaya don su ce masa i.

Ɗan'uwa Ayuba:
Malam, to mafarki fa? Yusufu mijin Maryamu ta mafarki aka bishe shi. Gidiyon kuma ya shimfiɗa ulu ya nemi alama, Allah bai ƙi shi ba.

Malam Yakubu:
Allah yana magana ta mafarki in ya so, ba gardama. Amma Mai Hadishi 5:3 ta ce yawan hidima ke kawo mafarki, Irmiya 23:28 kuma ta kwatanta mafarki da ƙaiƙayi, Maganar Allah da alkama. Mafarkan Yusufu a Matiyu 1 da 2 umarni ne a sarari: ka ɗauki matarka, ka tashi zuwa Masar, ka koma. Bai nemi mai fassara ba. Mafarkin da sai an biya wani ya warware shi, kuma fassarar ta ƙare a kan cewa wata 'yar'uwa ko maƙwabciya ce ke binka, wannan ya raba gidaje da yawa. A rubuta mafarkin da safe, a ajiye mako 2. Wanda na gajiya ne zai bushe da kansa.

Gidiyon kuwa, an riga an gaya masa abin da zai yi tun kafin ulun, tsoro ne ya sa ya nemi ƙari, shi da kansa ya roƙi kada Allah ya yi fushi. Abin da na fi so a labarinsa yana Mahukunta 6:27, ya rushe bagaden Ba'al da dare saboda yana tsoron yi da rana. Da tsoron nasa ya yi biyayya. A 7:10 ma Allah ya ce masa in yana jin tsoron gangarawa sansanin Madayanawa, ya tafi da baransa Fura. Ba a ce masa ya daina tsoro tukuna ba, abokin tafiya aka ba shi.

Fasto Iliya:
Ku ajiye dare 2 kusa da juna. A 1 Sama'ila 3, yaro Sama'ila ya ji kira, sau 3 yana tashi yana zuwa wurin Eli. Eli tsoho ne, idonsa ya dushe, gidansa ma ba a daidai yake ba, amma shi ya gane wa ke kira, ya koya wa yaron amsa. A sura 28 kuwa, Saul ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, tsoron Filistiyawa ya kama shi, ya ɓad da kama ya tafi Endor da dare wurin mai sha'ani da matattu, abin da shi da kansa ya hana a ƙasar. Duka biyun suna cikin duhu. Ɗaya ya nufi dattijon da ke kusa a fili, ɗayan ya sauya tufafi don kada a gane shi. Duk neman jagorar da sai ka ɓuya kafin ka je, ka riga ka san amsar. Ishaya 50:11, ayar da ke bin wadda na kawo da farko, gargaɗi ce ga masu hura wutar kansu don sun gaji da jira.

Ignatiyus na Loyola, wani malamin Kirista ɗan ƙasar Sifen, a ƙarni na 16, ya ba da wata ƙa'ida da ta yi wa masu bi na ɗariku da yawa amfani: a lokacin ƙuncin ruhu kada ka sauya shawarar da ka yanke lokacin da kake cikin haske. A aikace, kada a ajiye aiki, kada a fasa aure ko a ƙulla shi, kada a bar ikkilisiya, kada a tura saƙon rabuwa da ƙarfe 2 na dare. A rubuta, a kwana a kai, a karanta da rana bayan an ci abinci. Matuƙan jirgin Bulus a Ayyukan Manzanni 27 sun yi kwanaki ba rana ba tauraro. A dare na 14 suka ji alamar ƙasa, suka gwada zurfi suka sami gaba 20, suka sake suka sami 15. Ba su ce bari mu kutsa mu gani ba. Anka 4 suka saki ta bayan jirgi, suka jira gari ya waye. Mutum 276 ke ciki, ba wanda ya mutu.

Nas Rifkatu:
Ƙari kaɗan a kan ƙuncin nan, don wani lokaci ciwo ne. In mutum ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake so dā ya fita masa a rai, yana farkawa da asuba barci ya ƙi dawowa, cin abinci ya canja, a kai shi ya ga likita, ciwon damuwa yana da magani. In ya fara cewa gara ya mutu, ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Haka wanda tsoron dare ya fara masa bayan wani hari ko haɗari ko rasuwa, yana sake ganin abin kamar yanzu yake faruwa, matakan da Baba Bitrus ya faɗa su kaɗai ba za su isa ba, yana bukatar wanda ya koyi aikin. Annabi Iliya a 1 Sarakuna 19 ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace. Abin da mala'ika ya fara yi shi ne ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake ciyar da shi. Maganar Allah ta zo masa ne bayan kwana 40, a dutsen Horeb.

Dattijo Bitrus:
Kuma kada a tilasta wa mai irin wannan hali ya yi murmushin ƙarya. Zabura 88 tana cikin Littafi, ta fara da kuka dare da rana, ta ƙare da kalmar duhu, babu juyi zuwa yabo a ƙarshe kamar sauran. Wanda ba ya iya addu'a, a ba shi ita ya karanta da ƙarfi, aƙalla da Allah yake magana. Musa ma a Fitowa 20:21 cikin baƙin duhu ya matsa, inda Allah yake, jama'a na tsaye daga nesa.

Markus 6:48 ta ce Yesu ya zo wa almajiran yana tafiya a kan ruwa, suna cikin jirgi a teku, a tsaro na huɗu na dare. Romawa sun raba dare kashi 4, na huɗun daga wajen ƙarfe 3 ne zuwa 6 na safe. Tun yamma suke fama da iska. Da ya iso kuma, ihu suka yi, suka ce fatalwa ce. Taimakon da suke jira ne ya fi ba su tsoro, sai da ya yi magana suka gane shi. Ta murya aka gane shi, kuma kunnen da ya saba da ita da rana ne ke gane ta da dare.

Ɗan'uwa Ayuba:
Na karɓi maganar laya, da ta dannau ma. Amma Baba Fasto, ban sauka daga kan addu'ar dare ba. Zabura 119:62 ta ce da tsakar dare nakan tashi.

Fasto Iliya:
Ƙarasa ayar, Ayuba. Ya tashi ya yi me?

Ɗan'uwa Ayuba:
Ya yi godiya.

Fasto Iliya:
To ka tashi ka yi godiya, ba mai hana ka. Sai dai ka kwanta da wuri ranar, kuma kada ka ɗora wa mai fama da rashin barci.

Mama Saratu:
Malama Hannatu, na manta abu ɗaya game da yara. In yaro ya zabura cikin sa'o'in farko na barci yana ihu, ido buɗe amma bai gane ki ba, kada ki girgiza shi ki tashe shi, kuma kada a taru a kansa ana addu'a da ƙarfi. Firgitar barci ce, yana cikin barci mai nauyi, da safe ba zai tuna komai ba. Ki kawar da abin da zai buge, ki zauna kusa har ya lafa. Mugun mafarki daban ne, yakan zo can wajen asuba, yaron ya farka sarai ya ba ki labari. Wannan shi ake rungume wa, a saurari labarin har ƙarshe, a yi 'yar ayar nan tare, a mayar da shi gadonsa.